Ƙwaƙwalwar Aro

Shin ƙarfe yana tuna mutuwa? Har yau Maliki bai sani ba.

Yana zaune a bencin wani gareji a Kurmin Mashi, yana jiran a sake saitin ƙwaƙwalwar motarsa don ta ƙara ƙarfi, sai wani dattijo a gefensa ya ce, "Malam, ka tambayi bakaniken daga ina zai kwafo maka saitin?"

"Baba, ba na yi wa mai sana'a titsiye. Sauri nake, gobe zan kai iyali Zariya."

"Ni ma haka na ce. Na kirki yakan adana saitinka na asali kafin ya taɓa komai. Nawa bai adana ba. Ashe daga motar da ta kashe mutum huɗu a hanyar Zariya ya kwafo min."

"To sai me? Lissafi ne kawai."

"Duk sanda na iso wannan kwanar sai ta ƙara wuta da kanta, alhali ƙafata ba ta kan totur."

Maliki ya yi dariyar yaƙe. "Ka gyara ta?"

"Sayarwa na yi, ban faɗa wa mutumin ba. Tun lokacin nake zaga garejoji ina nemanta."

"Ka gan ta?"

"Ga ta can baya, a murƙushe. An cire akwatin ƙwaƙwalwar."

Maliki ya waiga. Wayar kwamfutar bakaniken na jone da wani lotsattsen akwati.

Ya miƙe. "Oga, dakata! Daga ina kake kwafowa?"