Ɓargo Ya San Shekarunsa

A ɗakin jira na asibiti, wata mata ta dubi dattijon da ke gefenta yana ta murza takarda.

"Baba, jikin ne?"

"Ƙanena ne a kwance. Ɓargona za a ɗiba a sa masa. Likita ta ce ƙwayoyin da ke haifar da jini su ma tsufa suke yi, ba ta son na wanda ya haura sittin."

"Kai shekarunka nawa?"

"A takarda, hamsin da biyu."

"Ai shi ke nan!"

"'Yar nan, goma na rage lokacin neman aiki. Ofis na ruɗa. Ɓargo fa, da me zan ruɗe shi?"

"Subhanallahi! Ka faɗa wa likitar?"

"In na faɗa, wa ya rage masa?"