Guntun Katako a Cikin Jitar Jikata

Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin ƙungiyarmu ta makaɗa da masu gyaran kayan kiɗa, malamina na ajin yamma wanda na hango yana goge tabarau don ya kama ni da kuskure, iyaye mata da ke zaune gefen taga, abokan tsufana, 'ya'ya da jikoki, da duk wanda ya rufe shagonsa ya zo nan: amincin Allah ya tabbata a gare ku baki ɗaya.

Na gode da aka ba ni damar magana. Takardar nan da hannuna na rubuta ta, don haka in na yi tuntuɓe ku yi haƙuri. Ina da shekara hamsin da biyu na fara zama a bencin makaranta. Kafin nan na yi shekara ashirin ina sayen fensir ban iya rubuta sunana da shi ba. Fere shi kawai nake yi in goga bakinsa a wuyan jita don tsirkiya ta riƙa santsi. Abin da ya sa kuke ce mini Baba Fensir ke nan.

An ce in tashi in yi godiya saboda jikata. Ga ta can a layi na biyu, amaryata, tana ɓoye fuska. Mutum goma sha ɗaya aka gwada, ita aka zaɓa ta riƙe babbar jitar lantarki a tawagar da za ta fita yawon wasa jibi. Ranar da labari ya iso, na taka rawa a bakin shago har maƙwabcina mai walda ya kashe injinsa ya leƙo, wai ko kunama ce ta harbe ni. Ni na ɗauke ta tana jaririya, ni na saya mata tsirkiyar farko, kuma yau na ga sunanta a takarda, na karanta da idona ba wanda ya karanta mini. Wannan farin ciki ya fi ƙarfin bakina.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina da magana uku, kuma babu mai daɗi a cikinsu.

Ta farko, ga waɗanda ba sana'arsu ba ce. A cikin jita akwai ƙarfen da tsirkiyoyi shida ke hawa kansa, muna ce masa jaki. Wani jakin a kafe yake, wani kuwa mai lilo ne, yana da ɗan hannu na ƙarfe. In makaɗi ya danna hannun, sai murya ta sauka ta yi rawa kamar mai kuka. In ya saki, sai ta koma mazauninta. Komawar nan ita ce dukan sana'ata. Tsirkiya shida na ja ta gaba, murɗaɗɗun wayoyin ƙarfe uku da muke kira sifirin na ja ta baya a cikin ramin da ke bayan jita, jakin kuma yana tsaye tsakaninsu a kan kusa biyu, ba ya jingina da komai. Ka ɗaure tsirkiya ɗaya, biyar su saki. Ka bi biyar ɗin, ta farko ta kwance. Sai ka zaga sau huɗu, sau biyar, kana rage wannan kana ƙara wancan, kamar mai sasanta 'yan'uwa, har kowa ya yarda ya zauna. Bayan duk wannan, in tsirkiya ɗaya ta maƙale a tsagar ɗan ƙashin da ke wuyan jita, ko bakin jakin ya dakushe a kan kusarsa, za ka danna ka saki, murya ba za ta dawo gida ba. Abin da ke tona wurin maƙalewar ƙara ce 'yar mitsitsiya, ƙis. Na'urar saitin da ke cikin wayoyinku za ta gaya muku tsirkiya ta kauce, amma ba za ta gaya muku inda ta maƙale ba. Wannan sai kunne.

Yau a garin nan, in jaki ya ƙi zama, yanko guntun katako ake yi a cusa a ramin baya a danne shi. Saiti ya zauna daram, gaskiya ne, kamar yadda gawa ba ta motsi. Shekara arba'in duk wanda ya ce in sa masa katako, ƙofa nake nuna masa.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi. Saura kwana goma a yi gwajin, amaryata ta kawo mini jitarta. Na canza tsirkiya, na ja su har suka gama miƙewa, na daidaita sifirin, na goga fensir. Na miƙa mata ina taƙama. Ta danna hannun, ta saki, ta ɗago ta dube ni.

"Kaka, ba ka ji ba?"

Na ce, "Me zan ji?"

"Ta yi ƙis."

"A ina? A wuya ko a jaki?"

Ta ce, "Ni dai na ji ƙis."

Na karɓa na manna kunnena a jikin katakon na danna. Shiru. Na juya ɗaya kunnen. Shiru. Na ce mata, "Ke dai kishi kike don angonki ya fi ki iya aiki." Ta yi dariya don ta rufa mini asiri, amma allurar na'urarta ta nuna tsirkiya ta uku ta haura. Jama'a, ita ta ji ba ta san me ta ji ba, ni na sani ban ji ba. Muna zaune gwiwa da gwiwa a benci ɗaya, jini ɗaya, jita ɗaya a tsakaninmu, mun kasa haɗa kunnenta da sanina.

Kwana tara ina laluben makaho. Na shafa mai inda ba ya bukata, na goge abin da lafiyarsa ƙalau. Ana gobe gwaji da hantsi ta ce, "Kaka, sa mini katakon kawai. Kowa ma haka yake yi." Ta faɗa a hankali, kamar mai gaya wa majinyaci an fasa sallamarsa. Na ɗauko zarto. Ni da hannuna na auna, ni na yanka, ni na cusa. Ta warware ɗan hannun ƙarfen ta ajiye a kan bencina, tun da ba shi da sauran aiki. Da wannan jitar ta ci gwajin. Na yi murna, Allah ya sani. Amma alƙalan gwajin ba su ji abin da yarinyar nan ke iya sa jita ta faɗa ba, kuma garuruwan da za ta je ba za su ji ba.

Magana ta uku: laifin wa? Kada ku ce tsufa, tsufa ya yi sallama kafin ya shigo. Kada ku ce yaran zamani ba su da haƙuri. Laifina ne, ni da tsararrakina. Mu biyar ne muka iya jaki mai lilo a garin nan, kuma dukanmu haka muka gada daga iyayen gidanmu: in aka zo wurin daidaita sifirin, sai ka juya wa mai kaya baya, ka kare da kafaɗa, kada a sace maka sana'a. Na juya wa abokan ciniki baya, na juya wa ɗana baya, jikata kanta tana 'yar shekara tara tana leƙe ta ƙarƙashin hammatata nake aikenta sayen fensir alhali akwai goma a aljihun tebur. Huɗu sun riga ni, kowanne ya tafi da nasa. Malamina na ajin yamma bai taɓa kare allo da kafaɗarsa ba. Ya ba ni duk abin da ya sani ina furfura. Na koyi karatu a wurinsa, ban koyi wannan ba. Mun yi gadin sana'a daga ɓarayi har ta mutu da yunwa a cikin ɗaki.

Ga hannun ƙarfen nan, tun ranar yake aljihuna. Ranka ya daɗe shugaba, ka ba ni izini in ɗora shi a teburinka. Ina roƙon mutum ɗaya, namiji ko mace, mai kunne da haƙuri, ya taso ya ɗauka. Zan juyo masa da fuskata. Ya ji ƙis, ni in gaya masa sunanta. Likita ya ce kunnen hagun ma ba zai kai baɗi ba.

Bari in ajiye takarda in jira.

Na ga kowa yana duban takalminsa. Ban ga laifinku ba. Wa zai shekara yana koyon abin da zarto ke gamawa a minti biyar?

Ke, zauna. Ba da ke nake ba, amarya, motarku jibi za ta tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To. Kun gani dai, ba ta jin magana, gadon gidanmu ne. Ta ɗauka.

Sanin shekara arba'in a kwana biyu ba zai shiga ba. Ba na yaudarar kaina, ba na yaudararku: da katakon nan za ta tafi, kuma mafi yawan abin da na sani da ni za a rufe shi. Amma wataƙila kafin jibi ta iya bambance ƙis ɗin wuya da na jaki, wannan kuwa ya fi abin da na bar wa kowa.

Allah ya kai tawagarmu lafiya ya dawo da ita lafiya. Allah ya jiƙan abokaina huɗu, ya yafe mana rowar da muka yi. Allah ya saka wa malamina, ya kiyaye muku jinku da ganinku, ya sa kada ɗayanku ya juya wa ɗansa baya da abin da ya sani. Shugaba, ka yafe mana, ba za mu jira rufe taro ba. Akwai sauran rana, kuma shagon da ɗan nisa.

Na gode.