Na Cikin Leda Na Ba Ta

Mata: Salamu alaikum. Baban Biyu? Kana ji na?

Miji: Wa alaikumus salam. Sama-sama nake jin ki. Tsaya in fita waje, injinan masaƙar nan sun cika min kunne. Yauwa. Ina wuni?

Mata: Lafiya lau. Ya aiki? Ya baƙunta?

Miji: Alhamdulillahi. Ya yaran? Tarin ƙaramar ya lafa?

Mata: Ya lafa. Ga su can suna faɗa a kan keke. An gama ɗaukar bidiyon?

Miji: Saura ɓangaren rini. Gobe ina hanya in sha Allahu. Ina isowa kwamfuta zan hau, ranar Asabar masu masaƙar za su nuna wa baƙinsu. Kin leƙa Mama?

Mata: Ai daga can nake. Kai, yau ka sha addu'a! Mama sai da muryarta ta dushe.

Miji: Ikon Allah. Me na yi?

Mata: Saƙon ƙanwarka Auta mana. Ta zo da safe, na ba ta kamar yadda ka ce.

Miji: Au, tsohon katin. To madalla, zai ɗan rage mata wahala.

Mata: Wane kati kuma? Ni ƙarfen nan mai fanka na ba ta.

Miji: Shi ne ai, katin girafik. Shi ke ɗaukar nauyin hoto da bidiyo a cikin kwamfuta.

Mata: To shi. Wallahi tana gani ta zube a ƙasa ta fashe da kuka. Ta ce, "Anti, wannan Yaya ya ce ki ba ni?" Na ce ƙwarai kuwa.

Miji: Kuka? A kan wannan tsohon... Dakata. Maman Biyu, guda biyu na bari a kan tebur. Wanne kika ba ta?

Mata: Na cikin leda.

Miji: Na cikin me? Layin ya yanke.

Mata: Leda! Ledar nan mai ruwan toka!

Miji: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mata: Lafiya? Wani abu ya faɗo maka?

Miji: Sabon kika ba ta.

Mata: A'a! Sabon yana nan cikin kwalinsa, ko taɓa shi ban yi ba. Kai, na ma taɓa, na buɗe na duba don kada in yi kuskure. Ƙato ne, fanka uku, sai ƙyalli yake yi, ga nauyi kamar bulo. Na ledar kuwa ɗan tsurut, baƙi, fanka biyu, ko ado babu.

Miji: Ni na goge shi! Ni na hure masa ƙura, na sa shi a kwalin sabon don ta ji daɗin ɗauka!

Mata: Na shiga uku. To me ya sa ba ka faɗa min ba? Ka ce "ki ba ta tsohon," ka saɓi jaka ka fice. Wa ke sa tsoho a kwali ya bar sabo a leda?

Miji: Ledar ta musamman ce, tana kare shi daga... Kai! Maman Biyu, kaina juyawa yake yi.

Mata: Samu wuri ka zauna. Amma tsaya, yaya za a yi ƙarami ya fi babba? Fanka uku fa!

Miji: Don zafinsa ya yi yawa ne aka jera masa fankoki. Ba shi ne kike cewa yana kuka kamar injin markaɗe ba? Har kina shanya safar yara a bayan kwamfutar?

Mata: Au, shi ne wannan?

Miji: Shi ne! Giga huɗu gare shi, sabon sha biyu. Bidiyon da tsohon zai wuni yana nishi a kansa, in ma bai daskare a tsakiya ba, sabon kafin shayinki ya huce ya gama. Saboda aikin masaƙar nan na sayo shi. Ko sau ɗaya ban kunna shi ba.

Mata: Wayyo Allah. Shi ya sa ta tambaye ni har sau biyu.

Miji: Ta gane ke nan?

Mata: Ta gane mana, ba zanen gine-gine take karanta ba? Ta ce, "Anti, wannan fa sabo ne." Ni kuma da bakina na ce, "Yayanki ya ce ya gama da shi, ɗauki abinki." Har rantsuwa na yi mata.

Miji: Kika rantse.

Mata: Na rantse. Ta ɗauka ka ɓoye mata ne don ka ba ta mamaki. Ta ce zanen asibitin nan na aikinta na ƙarshe, wanda kullum yake daskarar mata da kwamfuta har malaminta ya fara maganar maimaita shekara, yanzu ta tsira. Mama kuma ta kira Kawu, ta kira Gwaggo...

Miji: Har Kawu?

Mata: Har shi. Ta ce tun rasuwar Baba ba ta ga dariyar Auta irin ta yau ba. Ta ce ka riƙe mata marainiya, Allah ya riƙe maka naka. Halo? Baban Biyu?

Miji: Ina ji.

Mata: Laifina ne. Auta ba ta daɗe da tafiya tasha ba, wataƙila motar ba ta cika ba. In kira ta in ce kuskure aka yi? Ni zan ɗauki kunyar. Halo? Ka yi magana mana!

Miji: Yaushe ta ce za ta saka shi?

Mata: Tana isa makaranta.

Miji: Subhanallahi! Kada ta saka! Akwatin wutar kwamfutarta ƙarami ne, tsoho, ba zai ɗauke shi ba. Tana kunnawa zai iya ƙonewa, ya tafi da katin, ya tafi da zanen nata gaba ɗaya.

Mata: To in ce ta dawo da shi?

Miji: Akwai sabon akwatin wuta a ƙarƙashin teburina, tare na saye su. Ki ɗauka ki hau babur ki kai mata tasha. Da wayoyinsa duka.

Mata: In kai mata? Ban ji ba, in karɓo ko in kai?

Miji: Ki kai, na ce! Kuma kada ki ce mata komai. Ko Mama.

Mata: To kai fa? Aikin Asabar?

Miji: Ni da injin markaɗena. Ki fito min da shi daga kwali, ki ja fankar falo ki kai ɗakin. In ya daskare in sake tayar da shi, in ya sake in sake.

Mata: Allah ya saka maka, Baban Biyu. Ga ni a ɗakin, bari in duƙa... La ilaha illallahu! Biyu ne a nan ma!

Miji: Biyu? Au, tsohon da na cire daga kwamfutata! Tsaya, kada ki ɗauki komai tukuna!

Mata: Yi sauri, katin wayata ya kusa ƙarewa! Ɗaya babba ne, ɗaya...

Miji: Rabu da girma! Na hannun dama, wanda...

Mata: Damarka ko damata? Halo? Baban Biyu! Halo!