Ranar da Bakina Ya Ƙi Buɗewa

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Hannatu. Ban iya magana a gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuta, ku yi haƙuri in karanta.

Ƙarfe goma na safe ne, ranar kasuwar Matameye. Na san lokacin domin an gama buga ƙarfe a bariki ke nan wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya tare ni, ya fizge ƙwaryar da ke kaina. A ƙarƙashin gyaɗa ya sami littafina.

Shekaruna goma sha huɗu a lokacin. Baba ya yi aikin lambu a gidan mishan na Damagaram, can ya karɓi bangaskiya, ni kuma can na koyi karatu. Gidanmu kaɗai ne na masu bi a unguwarmu. Ba ni da ƙawaye, sai wannan littafi, inda nake rubuta addu'o'ina a tsanake, ina ja wa kowane layi zare don kada ya karkace.

Nasaran Faransa kuwa ba su yarda da komai da ya fito daga ɓangaren Ingilishi ba. Ni kuma irin rubutun Kano aka koya mini, ba na lakwal, makarantar Faransa, ba. Gardin ya kai littafin wurin kumandan da ya zo rangadi, shi kuma ya duba, ya miƙa wa tafintansa. Tafinta ya tsaya a kan layin da na rubuta cewa Ubangiji Mai Runduna yana nan kusa, shi zai tsare ƙofarmu.

«Rundunar wa?» in ji tafinta. «Ke ɗiyar mishan, sojan Ingilishi kuke jira?»

Kafin in yi numfashi Baba ya iso da gudu, ya durƙusa ya ce, «Ranka ya daɗe, nawa ne. Aike na ba ta.»

Baba bai san ko harafi ɗaya ba.

Suka ɗaure shi a jikin turken doki. Tafinta ya ɗora masa littafin a gaban ido ya ce ya karanta. Duk layin da ya kasa, gardi ya zuba masa bulala. 'Yan kasuwa suka bar kayansu suka zo kallo. Wata mai fura ta ce wa Baba, «To Ɗanjimma, kira Mai Rundunar mana, ko ya tafi cin kasuwar Kance?» Aka yi dariya.

Ina tsaye taku biyar daga wurin. Kalma uku kawai ake bukata: ni na rubuta. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na sake gwadawa. Ina kallo rigarsa ta manne da bayansa, ƙudaje suka taru.

Da rana ta take, gardi ya gaji ya koma inuwa. Na zagaya bayan katanga, na faɗi a kan gwiwoyina. Ban yi addu'a mai kyau irin ta littafina ba. Na ce, «Yesu, ka ba ni murya ko ka kashe ni.» Sai na tuna yadda Bitrus ya yi musun Ubangijinsa har sau uku, amma ba a yar da shi ba. Na tashi.

Na je gaban kumandan na ce ni ce. Ya ba ni alƙalami na sake rubuta layin, ya gwada da na littafin, ya ga hannu ɗaya ne. Wani malami mai sayar da takardu, wanda bai taɓa amsa gaisuwarmu ba, ya ce, «Mushe kumandan, wannan sunan Allah ne a wurinsu. Addu'ar yara ce.» Kumandan ya yi hamma, ya jefa littafin a wutar mai tsire, ya ce a kwance tsohon.

Baba ya rayu, amma hannunsa na dama bai sake riƙe fartanya ba. Ni nake wanke masa ciwon, ban iya duban fuskarsa. Shekara da shekaru ina zuwa sujada ina rera waƙa, a zuciyata kuwa ina cewa Allah bai tsare mu ba, ni ma ban tsare ubana ba. Sau da yawa na tambaye shi ko ya yafe mini, sai ya ce in miƙo masa ruwa.

Yau ina gode wa Allah wanda ya fitar da ni daga wannan ɗauri. Ina roƙonku ku dogara gare shi ko a ranar da ba ku ga hannunsa ba, domin ni na yi shekaru ban gani ba.

A kakar da Baba zai rasu, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na ce, «Baba, ina tsaron Allah yake a ranar nan? Ko baki ya kasa buɗe mini.»

Ya daɗe yana murza ɓawo da hannun hagu, sannan ya ce, «Uwata, tun bulalar fari abu ɗaya na roƙa. Na ce ya rufe miki baki har sai hannun gardin nan ya gaji. Ya kuwa rufe.»