Ɗan Rakiyar Amaryar Ƙanƙara

A tashar motar Skardu, wani mutum ya tsaya shan inuwa goye da kwando, ruwa na ɗiga daga ciki kan buhun garin wata tsohuwa. Ina gefe, na ɓoye fuskata a littafi.

Tsohuwar ta ce, "Kai ɗan nan, matsa! Ka jiƙa min gari."

Ya ɗora yatsa a baki.

"Kurma ne kai? Mu gani. Au, ƙanƙara ce. Aure za ku ɗaura mata a kan dutse? Wannan 'yar tsiguguwar? Ko akuya ba za ta shayar ba."

"Iya, ki iya bakinki! Mace ce fara tas, daga tsaunukan Shigar na saro ta. Angon, namijin ƙanƙara, yana kogo, mun shimfiɗa masa gawayi da ƙaiƙayi. In suka haɗu suka yi girma, rafinmu da ya ƙafe zai dawo."

"Madalla. Mu dai a ƙauyenmu, mai ɗauke da amarya ba ya cewa uffan sai ya sauke ta. In ya yi magana, auren ba ya haihuwa."

"Mu ma haka ne! Ai shi ya sa dattawa suka zaɓe ni, don duk garin babu mai..."

Ya dafe bakinsa. Kwandon ya ci gaba da ɗiga.

Can ya ce a hankali, "Iya, kin ji na ce wani abu?"

"Ni? Kunnena ya daɗe da mutuwa, ɗana. Amma amaryar taka ta daina fitsari a garina, ko kunnen ya warke yanzun nan."