Hoton Mahaifiyata da Kwanon Tuwo

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sani direban tasi ne daga Bronx, wanda ya yi sallama da boko tun aji uku.

Kwaɗayin abincin kyauta ya sa na kai 'yata Ummi bikin al'adun 'yan Meziko. Can ta ga suna jera hotunan mamatansu, kowanne da abincin da yake so. Muna dawowa ta ɗora hoton marigayiya mahaifiyata a tebur, ta ajiye tuwo gabansa. Na ce, "Ɗauke, mu addu'a muke musu." Ta ɗauke, ta ce da Turanci, "Baba, ko sunanta ba ka taɓa faɗa mini ba."

Sunan marigayiyar na sa mata, kunyar faɗarsa ta sa nake kiranta Ummi. Tun ranar ta daina tambayata labarin kakarta. Jama'a, ta ina zan fara?