Ranar da Na Ce Akwai Gajiya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ina gajiya?

Kun ji ko? Duk kun ce "ba gajiya," har da Baba mai ganga da na ga yana gyangyaɗi tun waƙa ta biyu. To, wannan amsar ce ta kusa kai ni lahira, kuma a kanta za ni ba da shaida.

Sunana Bulus. A Sabon Birni aka yanke mini cibiya, babana ma'aikacin ɗakin shan magani ne a can. Allah ya ɗaga ni har na zama matuƙin jirgin sama, na ɗaukar kaya. A shekarun fari, da gero ya ƙone a gona, shanu suna faɗuwa, aka ba kamfaninmu aikin kwaso madarar gari da allurar shanu daga Ikko zuwa Sakkwato. Da dare muke tashi, don allurar ba ta son zafi. Daga Sakkwato motoci su wuce da kayan zuwa Isa, Gatawa, har garinmu. Duk buhun da na sauke, sai in ga kamar a ƙofar gidanmu na ajiye shi.

Mai tsara mana aiki shi ne Malam Isiyaku, mutumin Bafarawa, dattijo mai tsoron Allah. Yana da babban allo a ofishinsa, da alli yake rubuta wanda zai tashi da wanda zai huta. Yawancin sauran matuƙa baƙi ne, da Turanci yake tambayarsu ko sun gaji, su faɗa masa gaskiya. Ni kuwa ɗan gida ne. Da na sauka sai ya ce, "Kyaftin, ina gajiya?"

In ce, "Ba gajiya, Malam."

Sai ya juya ya rubuta sunana a daren gobe.

Ni ina amsa gaisuwa, shi yana karɓar rahoto! Wata uku muna haka. Har aka sa mini suna Kyaftin Ba Gajiya, kuma gaskiya za ni faɗa, sunan ya yi mini daɗi. Kai ya kumbura. Ko da na fara gane cewa jikina ya ƙi, girman kai ya hana ni magana.

Na fara da goro da kofi. Da suka daina aiki, wani ya nuna mini ƙwayar hana barci. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Ina yi wa matata tsawa a kan banza, in kwanta da rana idona ƙyar kamar na mujiya. A coci ina cikin masu ɗaga hannu, ƙwaya na cikin aljihun rigata. Kunya nake ji ina faɗa muku, amma haka na yi.

Wani dare muka taso da kaya cike, ni da mataimakina Yusufu. Ya ce in bar shi ya ɗan runtsa. Na ce, "Kwanta abinka, ni ai ba gajiya." Na saita jirgi yana tafiya da kansa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Wata murya ce ta tashe ni, tana kiran lambar jirginmu a rediyo, tana ta maimaitawa. Na duba agogo, na duba ƙasa. Babu fitilun Sakkwato. Mun wuce gari, mun doshi iyakar Nijar, mu biyu muna ta sharar barci, man jirgi kuma yana ta sauka!

'Yan'uwa, ban yi doguwar addu'a ba. Abin da ya fito bakina shi ne, "Yesu, na gaji. Na gaji, ka taimake ni." Tun da na girma ban taɓa furta wannan kalmar ga kowa ba. Ina faɗa sai hawaye, sai kuma hankalina ya dawo garau. Na girgiza Yusufu, muka juyo da jirgi, muka sauka lafiya da ɗan man da ya rage. Halleluya!

Malam Isiyaku na tsaye a ƙofar ofis, ya ji komi a rediyo. Bakinsa ya riga ya saba, sai ya ce, "Kyaftin, ina gajiya?"

Na ce, "Akwai ta, Malam. Akwai gajiya."

Ya dube ni kamar na zagi wani. Can ya ce, "To, mi ya hana ka hwaɗi? Wata ukku ina tambayar ka, kana ce mini babu! Ni na ɗauka Allah ya yi ka daban." Ya sa hannun rigarsa ya goge sunana daga allo. Ni kuma na zazzage ƙwayar a kan teburinsa, na faɗa wa shugabanni duk abin da ya faru. Suka dakatar da ni, kuma sun yi daidai.

Na tafi Sabon Birni wurin Inna. Rabuwa da ƙwayar nan ba wasa ba ce, na yi zufa, na yi kuka. Inna na zaune bakin ƙofa tana mini addu'a, duk wanda ya zo gaishe da Kyaftin ta ce, "Yana kwana, ku dawo jibi." Da na ce mata ina tsoron kayan agaji su tsaya, ta yi dariya ta ce, "Wanga yaro! Kai ka riƙe duniya? Ubangijinka ma ya yi kwana cikin jirgin ruwa, amma ba shi ke riƙe da tuƙi ba."

Kaya ba su tsaya ba. Wasu matuƙa suka tashi, madara ta iso har unguwarmu ina kwance. Da na koma aiki, Malam Isiyaku ya canza tambaya. Sai mun gama gaisawa tsaf, sannan ya ɗaga alli ya ce, "To, yanzu ta aiki: awa nawa ka yi kwana?" Har na yi ritaya ban sake taɓa ƙwaya ba.

Na gode wa Yesu da ya tashe ni a sama, ya kuma koya mini barci a ƙasa. Ku ci gaba da amsa wa maƙwabta "ba gajiya," ladabi ne. Amma in kun durƙusa gabansa, ku faɗa masa gaskiya, ku dogara gare shi. Ni sai da na ce na gaji sannan ya sauko da ni gida. Amin.